Ni Ne Na Fara Waƙar, Levi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na 2025, da misalin ƙarfe tara na safe, ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a Kafanchan, wayata ta yi ƙara har sau uku. Ban saba ɗauka a gaban ɗalibai ba, amma da na ga sunan Rosemary, matarka, sai na fita baranda. Ba ta gaishe ni ba. Da sunan 'yata take kirana, ta ce, "Baban Hulda, abokinka ya tafi." Na ce ya tafi ina? Wallahi haka na ce mata, kamar wawa, alhali na san kwana shida kana kwance a asibiti tun da hawan jini ya kayar da kai a bakin shagonka a Sabon Tasha, can Kaduna. Levi Azariya, mai ganga, ɗan'uwana da ba uwa ɗaya ta haife mu ba, ka yi barci cikin Ubangiji kana da shekara hamsin da ɗaya. Mai rai ya karɓi abinsa.

Ranar Asabar, ashirin da biyu ga wata, za a kai ka ƙauyenku, can bayan Kagoma, a sa ka kusa da mahaifinka. An ce in rubuta 'yan kalmomi na yabo, tun da ni ne mai rubuta waƙoƙin ƙungiyarmu, wai ni na iya magana. Zan yabe ka, don ka cancanta. Amma ba yabo ne ya zaunar da ni ba. A gidanku akwai waƙar da mata suke yi wa duk ɗan gidan da ya mutu, kuma Mama Tamar, ƙanwar mahaifinka, wadda ita ke ɗaga ta, ta ce ba za a yi maka ba. Za a sa ka a ƙasa shiru, saboda laifin da ka amsa shekara ashirin da huɗu da suka wuce. Laifin nan ba naka ba ne. Nawa ne, ni Boaz Andrawus, kuma a bakin kabarinka zan karanta wannan takarda.

Bari in ɗauko daga farko, don yaranka Miriyam da Meshak su san ubansu kafin furfura ta kama shi. Mun haɗu cikin mawaƙan majami'armu a Kafanchan a 1996. Ni ɗan kwatas ɗin reluwe ne, gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, a gari aka haife ni, yaren iyayena ma gaisuwa kawai na iya, ga baki ga ɗaga kai. Kai kuwa daga ƙauye ka zo koyon gyaran rediyo, kuma sai a yini ba ka yi magana goma ba. Wata rana wani ya kawo rediyo gyara ya manta kaset a ciki, ba suna, ba hoto. Da ka gama gyaran ka danna don gwaji, sai ga jita tana kuka, ganguna kamar za su fasa sifika. Ka rufe shagon maigidanka da rana tsaka ka zo ka jawo ni daga gida. Daga baya muka ji cewa rok ake kiran kiɗan. Mun saurari kaset ɗin nan har zarensa ya tsinke, ka liƙe shi da jan farce, ya sake tsinkewa, ka sake liƙewa.

Kafin shekara ta zagayo mun zama mu huɗu. Ni da jita da rubuta waƙa, Doreen da murya, Jamiluddeen ɗan wani tela daga cikin gari da jitar bes mai kaurin amo, kai da ganguna. Muka sa wa kanmu suna Ƙarfen Dogo, don a wani tsohon sito da ke bakin layin dogo muke gwaji kullum in an tashi aiki. Gangunanka ba saye aka yi ba. Babbar daga rabin duro ka yi ta da fatar saniya, abin taka ta kuma fedar keke ce. Amfilifayarmu ta farko, na'urar ƙara sauti, daga cikin tsohuwar rediyo ka fito da ita, in ta yi zafi sai Doreen ta riƙa yi mata fifita da kwali. Dattawan ikkilisiya suka kira mu suka ce kiɗan shaiɗan muke yi. Na miƙe zan yi musu wa'azi, ka ja mini riga na zauna. Ranar Lahadi ka zo da wuri ka gyara musu lasifikar majami'a da ta yi wata biyu tana ƙugi. Daga ranar ba su ƙara kiranmu ba.

Haka kake. In la'asar ta yi, kai ne kake fara jin kiran salla kafin Jamilu, duk da ƙarar da muke yi, sai ka ɗaga sanda ɗaya sama mu tsaya. A shekarun da garin nan ya yi zafi, har mutum ya riƙa tunanin unguwar da zai bi kafin ya fita, kai kake rataya bes ɗinsa a kafaɗa ka raka shi har bakin layinsu. Shi kuma sai ya ce bai yarda ka koma kai kaɗai ba, ya rako ka rabin hanya. Doreen ta ce wata rana sai an aika a raba ku.

Wasanmu na farko a gaban mutane a Samaru Kataf ne, a bikin sallamar ɗalibai. Muna tsakiyar waƙa ta biyu janareta ya mutu. Jitata ta yi shiru, muryar Doreen ta ɓace, yara suka fara ihu. Kai ba ka tsaya ba. Ka ci gaba da bugu kai kaɗai, ka sauya zuwa kiɗan gida da suka sani, har suka tashi rawa suka manta da mu. Da aka tayar da janareta ka dawo da mu daidai inda muka tsaya.

Ga yadda muke aiki. Ni nake kawo waƙa, kalmomi da karinta, in buga muku a jita. Ba ka taɓa ce mini waƙata ba ta da daɗi ba. Ƙafarka ta hagu nake kallo. In ta fara taka ƙasa, waƙa ta zauna. In ba ta motsa ba, sai in yage takardar ina mita, kai kuma kana gyara sandunanka kamar ba ka san abin da ya faru ba. Waƙa ashirin da wani abu ƙafar nan ta kashe mini, kuma yanzu na yarda ba ta zalunci ko ɗaya ba.

A damina ta 1999 kakarka ta rasu, na raka ka ƙauye. Fasto ya yi wa'azi, zumuntar mata suka yi waƙoƙinsu, aka sauke akwati. Ina tsammani an gama, sai matan gidanku suka matso bakin kabari, Mama Tamar ta ɗaga murya da yarenku. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma karin ya kama ni. Kari ne mai hawa a hankali, ya tsaya a sama kamar ba zai sauko ba, sannan ya faɗo gaba ɗaya. Mutane suna kuka, ni kuwa, Allah ya gafarta mini, ina ƙwanƙwasa shi da yatsu a kan cinyata don in ji yadda zai zauna a jita. Kafin mu iso Kafanchan na riga na sace shi. Na sa masa kalmomin Hausa na soyayya, wai saurayi yana roƙon budurwa ta bar masa ƙofa a buɗe, na kawo wurin gwaji ina ji da kaina.

Ban kai ƙarshen baitin farko ba na duba ƙafarka. Ba ta motsa ba. Ka ajiye sandunan a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba.

Ka ce, "Boaz, wannan ba a wasa da shi."

Sannan ka yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinka. Ka ce a gidanku sau biyu ake ɗaga waƙar nan: ranar da mutum ya cika, don duk wanda ya ji daga gona ko rafi ya san an yi rashi a gidan, da kuma ranar da za a rufe shi. Ka ce wanda ya ɗaga ta ba a yi mutuwa ba, ya kira mutuwa a kan mai rai, kuma hukuncinsa ɗaya ne tun kakanni, ranar tasa ba za a yi masa ba. Na yi dariya. Na ce haba Levi, mu da aka yi wa baftisma, camfin tsofaffi ne zai hana mu waƙar da ta fi duk waƙoƙinmu? Ka ce kai ma an yi maka baftisma, Mama Tamar ma shugabar zumuntar mata ce, amma wannan muryar gidanku ce. Na yi fushi, na yi kwana uku ban zo gwaji ba. A rana ta huɗu ka zo har gida ka ce to, a yi ta duk inda ba a san ta ba, amma in yi maka alkawari ba za ta taɓa tashi inda mutanenku za su ji ba. Na ba ka hannu. Na ce in na karya, kar ka ƙara kirana ɗan'uwa.

Waƙar ta karɓu, ba ƙarya. Ita ake roƙonmu mu maimaita duk inda muka je. Kana buga mata ganga kanka a sunkuye, in kuwa ka hangi wani ɗan ƙauyenku a cikin taro sai ka girgiza mini kai mu tsallake ta.

Wata Asabar a watan Oktoba na 2000, matasan ƙauyenku suka gayyace mu mu yi kiɗa bayan wasan ƙwallo na ƙarshe, a filin firamare. Lokacin yankan acca ne, manyan mata duk suna gonakin kan tudu. Mahaifinka, Baba Azariya, ya yi wata uku a kwance, kowa a ƙauyen kunnensa na gidanku. A mota ka tuna mini sau biyu. Na ce na ji, haba, ni yaro ne? Samarin suka ɗaure mana babbar lasifika a kan mangwaro, bakinta yana kallon tudu, don a ji har gona cewa ɗansu ya zo da kayan kiɗa daga birni.

Wasan bai yi kyau ba. Mun yi waƙa huɗu suna kallonmu kawai. Wani ya ɗaga murya ya tambaya ko injin niƙa ne ya lalace, aka kwashe da dariya, 'yan baya suka fara watsewa. Ni kuma ban iya jure a yi mini dariya ba, ka sani, har yau ban iya ba. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata bari in ba su abin da zai tsayar da su. Ban manta da alkawarin ba. Dole in faɗi wannan a sarari, don na sha gaya wa kaina cewa mantuwa ce. Na tuna sarai. Na juya maka baya don kar in ga fuskarka, na ƙara wa jitar murya, na ɗaga karin.

Na ji ka kira sunana. Da ban juyo ba, sai ka hau gangunan da duk ƙarfinka don ka danne sautin, amma jita ce ke cikin lasifika, ganga ba ta ciki. Wanda ke kallo daga nesa sai ya ɗauka raka ni kake yi. Filin ya yi tsit, ni kuma na ɗauka daɗi suke ji. Ka tsallake babbar gangar ka fizge wayar daga janareta. Duka abin bai kai minti biyu ba. A cikin shirun nan ne muka ji amsa daga kan tudu, murya ɗaya, sai biyu, sai tudun gaba ɗaya ya ɗauki kuka.

Mata suka yar da lauje da kwanduna suka gangaro da gudu, hannuwa a ka, suna kiran sunan Baba Azariya. Mahaifiyarka, Mama Edna, tana gaba. Wajen tsallaka rafi santsi ya kwashe ta a kan dutse, ƙafarta ta karye a cinya, kuma ko a haka da jan ciki take neman ƙarasawa gida wurin gawar mijinta. Waɗanda suka fara isa suka faɗa ɗakin suna kururuwa, suka tarar da tsohon zaune a bakin gado da kofin kunu a hannu. Ya ji karin tun daga farko. Ya tambaye su wa ya mutu.

Kafin rana ta faɗi aka tara mu a ƙofar gidanku. An fito da Baba a kujera. Daga ciki ana jin ihun Mama Edna a hannun mai ɗori. Samarin da suka gayyace mu ɗazu sun zagaye mu, wasu da sanduna, wani ya riga ya taka jitata ya karya mata wuya. Wani dattijo ya tambaya da Hausa, don mu baƙi mu ji, wane ne ya ɗaga waƙar. Ina bayan Jamilu. Ya ɗan matsa gefe don in fito, na matsa tare da shi. Ina kallon sandunan nan. Dattijon ya sake tambaya.

Ka ce, "Ni ne."

Baba ya kalle ka. Sannan ya ce, "Ka binne ni da raina, ka karya uwarka. To na ji nawa da kunnena. Kai kuma shiru za a sa ka." Ya juya ga Mama Tamar ya ce ta riƙe maganar. Ta ce ta riƙe.

A hanyar komawa Doreen ta ce mini in ta ƙara kallon fuskata yau za ta yi amai. Baba ya rasu bayan wata huɗu, aka yi masa waƙar da gaske, kana tsaye can baya kamar baƙo. Mama Edna ta yi shekara goma sha ɗaya tana ɗingishi da sanda kafin ta bi shi. Duk zuwan da na yi gaishe ta sai ta sa a dafa mini doya, ta ce ni ne abokin kirki da ban guji ɗanta ba lokacin da ya yi abin kunya. Na ci doyar nan, Levi. Na ci na ƙara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni baƙo ne a gidanku, ba ni da waƙar da za a hana ni. Da na buɗe baki ran nan, iyakaci in sha duka, in yi sati biyu ina jinya, a ce ɗan birni ne bai san komai ba. Kai kuwa ka san abin da kake bayarwa lokacin da ka amsa, ni ma na sani lokacin da na yi shiru.

Ƙungiyarmu ta ƙara shekara uku. Mun yi kaset ɗaya a Jos, ba mu ƙara taɓa waƙar nan ba ko an roƙa. Daga nan aure da aiki suka raba mu, ka koma Sabon Tasha ka buɗe shagon gyaran kayan sauti, kana buga ganga a majami'arku duk Lahadi. Ba ka daina kirana ɗan'uwa ba. Kai ka tsaya mini a aurena. Da Hulda ta kwanta asibiti a Kaduna, a ɗakinka matata ta zauna wata guda, kai ka koma shago da tabarma. Sau ɗaya tak na gwada ɗauko maganar, a shagon nan, kana haɗa wata amfilifaya. Na ce, Levi, game da ran nan. Ka miƙo mini waya biyu ka ce in riƙe kar su taɓa juna, ka narka dalma, ka hura, ka ce in saki. Shi ke nan. Na koma gida ina gaya wa kaina ka yafe, magana ta wuce. Gaskiya daɗi na ji da ka rufe mini baki.

Ranar da ka cika ba a ɗaga waƙar a ƙauyenku ba. Ta waya suka ji, kamar labarin wani can. Da na je gaisuwa Sabon Tasha, Rosemary ta ja ni gefe. Ta ce a kwanakinka na asibiti, da bakinka ya karkace magana ba ta fita sosai, abu ɗaya ka yi ta maimaitawa har ta gane: za su sa ni shiru. Ta ce mutuwa ba ta ba ka tsoro ba, ka san inda za ka, wannan ne kawai ya sa ka hawaye. Ta riƙe hannuna ta ce, "Baban Hulda, kai kana wurin ran nan. Ka je ka roƙa masa Mama Tamar, ka ce ƙuruciya ne ya sa shi." Ashe ita ma ba ka gaya mata ba, shekara ashirin kuna ɗaki ɗaya.

Ranar Litinin na hau mashin na tafi ƙauyen. Na sami Mama Tamar a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗar iri, ta tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya rufe. Na durƙusa na yi mata gaisuwar rashi, sannan na faɗa mata duka, ban rage ba. Ba ta daina ɓara ba.

Ta ce, "Na sani. Ina kan tudu ran nan. Jita ne ya fara, ɗanmu kuwa ganga yake bugawa. Yayana ma ya sani."

Na ce, "Mama, kun sani kuka bar shi a kansa?"

Ta ce, "Shi ya ce shi ne, gaban mutane. Kai kana tsaye, kana da baki. Mun jira ka sati ɗaya, mun jira ka wata ɗaya. Yayana kafin ya mutu ya ce in yaron reluwe ya zo ya karɓi kayansa, a sake wa Levi. Kana zuwa, kana cin doya, kana tafiya."

Na zauna a ƙasa. Ashe duk shekarun nan maganar a hannuna take. Da na zo cikin wata huɗun nan, da a gaba ka tsaya a jana'izar mahaifinka. Da na zo ko bara ne, da ba ka kwanta a gadon asibiti da wannan tsoro ba.

Na ce to ga ni na zo, a yi masa. Ta girgiza kai. Ta ce gaban jama'a aka yi tambayar, don haka ba za ta karɓi amsa a bayan rumbu ba. In zo ranar Asabar in tsaya a bakin kabari, gaban matarka da yaranka da duk ƙauyen, in faɗa da Hausa kowa ya ji. Na tambaye ta ko za ta ɗaga in na faɗa. Ta ce, "Ka faɗa tukuna. Sai in ga ko muryana zai fito."

Ba ta yi mini alkawari ba, kuma ba ni da bakin neman alkawari a wurin kowa. Shi ya sa na rubuta, don na san halina. In na tsaya a wurin ba takarda a hannu, na ga idon Rosemary, na ga Meshak da ke kirana Baba, zan iya sake matsawa bayan wani. Na ba Jamilu kwafi ɗaya, na ba Doreen ɗaya, su da suka riƙe bakinsu duk shekarun nan don kai ka roƙe su. Na ce in muryata ta maƙale su tura ni gaba, amma kar wani ya karanta a madadina.

Ubangiji Allah, wanda ya san kayan da mutum ya ɗauka ba nasa ba, ya karɓe ka cikin salama, Levi. Yesu Almasihu da ka bauta wa da hannuwanka duk Lahadi ya ba ka hutu a wurinsa, ya tashe ka a rana ta ƙarshe. Allah ya ji ƙan Baba Azariya da Mama Edna, waɗanda na cuta ban nemi gafararsu ba. Rosemary, Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya riƙe gidanki. Ranar Laraba na zo har inda kike don in gaya miki da bakina, na yi gaisuwa kawai na tashi, ki yafe mini in za ki iya. Miriyam da Meshak, ubanku bai taɓa yin abin kunya ba, Allah ya raya ku a kan halinsa. Dangi duka, da ikkilisiyarsa ta Sabon Tasha, da Jamilu da Doreen, Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Jama'ar da ke tsaye a bakin kabarin nan, ku ji. An yi tambaya a ƙofar gidan nan a watan Oktoba na 2000, sau biyu aka yi ta, wanda bai yi ba ya amsa. Ni ne na sato waƙar daga kabarin kakarsa. Ni ne na ɗaga ta da rana tsaka a kan mai rai, bayan na ba da hannu na yi alkawari, Levi kuwa ƙoƙarin kashe ta yake yi. Ni ne, Boaz ɗan Andrawus. Mama Tamar, na karɓi kayana. Wannan da ke cikin akwati ɗanku ne, bai yi komai ba. Don Allah kar a sa shi shiru.